Matan Joseph Smith nawa ne, kuma wane irin aure aka yi a Nauvoo?

Ɗan'azumi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san tarihin Amurka. Joseph Smith, mutumin da ya kafa cocin Mormon a 1830, wani wuri a ce matansa 27, wani wuri 33, wani wuri har 48. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya za a yi mutum ya tara mata haka a gari guda a ce an kasa sanin adadinsu? Ai mace ba allura ba ce da za ta ɓace a tsakar gida.

Malam Iro:
Wa alaikumus salam. Kowace ƙidaya a cikin waɗannan tana da mai ita. 27 ta Andrew Jenson ce, ɗan cocin mai tattara tarihi, wanda ya bi tsofaffin da suka rage a Utah, inda yawancin mabiyan suka yi ƙaura bayan mutuwar Smith, ya fitar da jerin sunaye a 1887. 48 ta Fawn Brodie ce a littafinta na 1945, ita kuma har jita-jita tana karɓa. Todd Compton a 1997 ya tace ya tsaya a kan 33 da yake ganin hujjarsu ta yi ƙarfi, Brian Hales ya ce 35. Shi kansa cocin, a bayanin da ya wallafa a shafinsa a Oktoban 2014, cewa ya yi tsakanin 30 da 40. Duk wannan ban da uwargida, Emma Hale, wadda ya aura a Janairun 1827.

Dalilin da lissafin ya ƙi tsayuwa shi ne babu ko ɗaya daga cikin auren nan da ya shiga rajistar hukuma, babu kuma wanda aka shelanta a coci. Masu bincike daga wuri uku suke kwasowa. Akwai rubutun da aka yi a lokacin, kamar kundin yau da kullum na magatakardansa William Clayton. Akwai takardun rantsuwa da Joseph F. Smith, ɗan wansa Hyrum, ya tattara daga bakin matan tun daga 1869. Sai shaidar da uku daga cikinsu suka bayar a wata shari'a kan mallakar wani fili a 1892. Abin da ya ƙara dagula lissafin, bayan mutuwarsa an ci gaba da ƙulla masa mata a haikali, wato ɗaurin auren lahira na addininsu, har da waɗanda bai taɓa aura yana raye ba. In mai ƙidaya bai ware waɗannan ba, sai jerinsa ya kumbura.

Hajiya Turai:
Malam Iro, tsaya tukuna. Mata talatin da wani abu, a ina ya ajiye su? Wa ke ciyarwa? Yaya rabon kwana?

Malam Iro:
Hajiya, kin taɓo gaɓar da ke rikita duk Bahaushen da ya ji labarin nan. Babu tarewa, babu ɗaki, babu ranar girki. Yarinya za a ƙulla mata aure da daddare, gari ya waye tana gidan iyayenta da sunanta na 'yan mata, maƙwabta na kallonta budurwa. Wadda ke aiki a gidansa ta ci gaba da aikinta. Wadda ke da miji ta koma ɗakin mijinta. A idon Nauvoo, garin da shi da mabiyansa suke zaune a jihar Illinois, matarsa ɗaya ce, Emma. Ciyarwa ma ba ta da tsari: wasu ya ba su takardar fili a cikin gari, wasu suna cin abinci a gidansa ne don dama can suke zaune.

Kuma a lura da gajartar lokacin. In aka cire maganar Fanny Alger ta zamanin Kirtland, na farko da aka tabbatar shi ne na Louisa Beaman ranar 5 ga Afrilu 1841, na ƙarshe da aka sani kuma na Fanny Young, yayar Brigham Young wanda ya jagoranci cocin bayan Smith, a Nuwamban 1843, tana da shekara 56. Wato kusan duka a cikin shekara biyu da wata bakwai aka yi su.

Barista Lami:
Bari in ƙara ɓangaren doka, don shi ne tushen ɓoyon. Dokar jihar Illinois ta 1833 ta ɗora wa mai mata biyu tarar da za ta iya kai dala 1,000 da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, littattafan cocin da kansu sun hana. Littafin Mormon, a sashen Yakubu babi na 2, ya ce namiji mace ɗaya zai riƙe, sai fa in Ubangiji ya ba da umarni don a yawaita zuri'a. Sannan kundin dokokinsu, Doctrine and Covenants, bugun 1835, yana ɗauke da babi guda da ya bayyana ƙarara cewa miji ɗaya mata ɗaya. Wannan babin bai fita daga kundin cocin Utah ba sai 1876. To ka ga shugaba yana aikata abin da dokar ƙasa ta hana, littafin da mabiyansa ke riƙe da shi ya hana, matarsa kuma ba ta yarda ba. Dole komai ya koma ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan'azumi:
Ita wannan Fanny Alger fa? Me ya sa ake ware ta?

Malam Iro:
Saboda har yau ana jayayya ko aure ne ko nema. Yarinya ce mai aiki a gidan Smith a Kirtland, jihar Ohio, a tsakiyar shekarun 1830. Oliver Cowdery, wanda da hannunsa aka rubuta mafi yawan Littafin Mormon, ya rubuta wasiƙa a Janairun 1838 yana kiran abin ƙazamin al'amari, kuma zargin da ya yi wa Smith na cikin laifuffukan da aka kore shi daga coci a kansu a Afrilun shekarar. Masu cewa aure ne sun dogara da rubutun Mosiah Hancock na 1896, wanda ya ce ubansa Levi ne ya ɗaura. Shekara sittin ke nan bayan faruwar abin, kuma ɗa ne ke ba da labarin uba. Ita dai Fanny ta bar garin ta auri Solomon Custer a Indiana a 1836.

Malam Nuhu:
Ina ganin kafin a yanke hukunci ya kamata a faɗi abin da su suka yi imani da shi, ko da ba mu yarda ba. A koyarwar Smith, auren da aka ɗaura a duniya mutuwa ce ke raba shi. Wanda ke ɗorewa har lahira shi ne wanda mai riƙe da ikon firistanci ya ƙulla, kuma darajar mutum a can tana da nasaba da yawan waɗanda aka ƙulla masa. Shi ya sa ƙullin ya kasu biyu: na duniya da lahira, wanda ya haɗa da zaman aure, da kuma na lahira kaɗai. In ba da wannan ba, yaya za a fassara Rhoda Richards mai shekara 58, ko Fanny Young? Wasu auren don haɗa gidaje aka yi su: gidan Kimball, gidan Whitney, gidan Young, gidan Richards, duk manyan coci ne.

Barista Lami:
Malam Nuhu, na yarda da wannan a kan tsofaffin. Amma mu dubi yadda ake bi a nemi auren, don salon ya maimaita kansa a shaidun matan da suka mutu suna ƙaunar mutumin, ba maƙiyansa ba.

Da farko ba kasafai yake tunkarar mace kai tsaye ba, sai ta hannun namijin da take jin nauyinsa. Louisa Beaman ta hannun mijin 'yar'uwarta, Joseph Bates Noble, wanda kuma shi ya ɗaura. Zina da Presendia Huntington ta hannun ɗan'uwansu Dimick. Almera Johnson ta hannun ɗan'uwanta Benjamin. Daga nan sai a gaya mata umarni ne daga Allah, ta je ta yi addu'a ta samu tabbacin kanta. Wasu, kamar Mary Elizabeth Lightner, sun ce ya gaya musu mala'ika ya zo masa da takobi a zare yana barazanar hallaka shi in bai aikata ba. Sai kuma wa'adi. Lucy Walker ta rubuta cewa zuwa gobe aka ba ta, in ta ƙi an rufe mata ƙofa har abada. Ɗaurin kansa a wani ɗaki ne, mai ɗaurawa ɗaya, shaida ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka riga suka shiga sirrin.

Yanzu ku dubi halin da Lucy take ciki. Uwarta ta rasu a 1842, an tura ubanta wa'azi gabashin ƙasar, ita da wasu 'yan'uwanta suna riƙo a gidan Smith. An ɗaura ranar 1 ga Mayu 1843, kwana ɗaya bayan cikarta shekara 17, Emma kuma ta tafi St. Louis. Emily da Eliza Partridge ubansu ya rasu a 1840, a gidan suke zaune. Sarah da Maria Lawrence marayu ne, kuma kotu ta naɗa shi mai kula da su da gadonsu. Mutum ɗaya shi ne annabinki, shi ne magajin gari, shi ne mai riƙonki. Ta ina "a'a" za ta fito?

Malam Nuhu:
Ta fito kuwa, Barista. Nancy Rigdon ta ƙi a 1842. Sarah Kimball ta ƙi, ta ce ya je ya koya wa wata, kuma ta ci gaba da zama mai daraja a coci har tsufanta.

Barista Lami:
Sarah Kimball tana da miji mai dukiya, kuma ta yi shiru. Nancy da zancenta ya fita waje sai da aka ɓata mata suna a gari, ita da Sarah Pratt, matar ɗaya daga cikin manyan coci. Wanda ya ƙi a asirce an ƙyale shi, wanda ya tona shi ya ɗanɗana.

Hajiya Turai:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne da Malam Iro ya ce "wadda ke da miji ta koma ɗakin mijinta". Aure a kan aure ke nan?

Malam Iro:
Haka yake, Hajiya. A lissafin Compton, 11 daga cikin 33 suna da mazajensu a raye, ba saki ba rabuwa. Misalin da aka fi sani shi ne Zina Huntington. Ta auri Henry Jacobs a Maris 1841, aka ƙulla ta ga Smith a Oktoban shekarar tana da tsohon cikin Henry, ta ci gaba da zama da Henry. Bayan an kashe Smith, a 1846 aka ƙulla ta ga Brigham Young, Henry yana tsaye a matsayin shaida. Ba a daɗe ba aka tura Henry wa'azi Ingila, Zina ta koma gidan Young, ta haifa masa 'ya a 1850. Akwai kuma Marinda, matar Orson Hyde, ɗaya daga cikin manzanninsu goma sha biyu, wanda aka aika har Birnin Ƙudus a 1841.

Ƙari a kan wannan, ya haɗa ya da ƙanwa har sau huɗu: gidan Huntington, Partridge, Lawrence da Johnson. Ya kuma haɗa uwa da 'ya, Patty Sessions da Sylvia.

Bulus:
Wannan na ƙarshen ko a Tsohon Alkawari da suke kafa hujja da shi bai halatta ba. Littafin Firistoci babi na 18 ya hana haɗa mace da 'yarta, ya hana auren ƙanwar mace tana raye. Wahayin da Smith ya fitar kan auren mata da yawa yana ambaton Ibrahim da Dauda da Sulemanu, amma bai yi tsayuwa a kan waɗannan iyakokin ba.

Hajiya Turai:
Mu ma a Suratun Nisa'i haka yake, har da matar aure. Ashe duk wanda ya ce "ai irin auren da kuke yi ne" bai san ɗayan biyun ba. To Emma fa, ta sani?

Malam Iro:
Ta san kaɗan, a makare. Akwai wasiƙa da hannunsa ta ranar 18 ga Agusta 1842, yana ɓoye a wani gida saboda 'yan Missouri na nemansa. Ya rubuta wa Newel Whitney da matarsa da 'yarsu Sarah Ann, wadda aka ɗaura musu aure mako uku kafin nan tana da shekara 17, uban ne ma ya ɗaura. Ya ce su zo su gan shi, abin kiyayewa kawai shi ne su tabbatar Emma ba ta nan, kuma su ƙona takardar da zarar sun karanta. Ba su ƙona ba, tana nan har yau. A 1843 kuma aka shirya wa Sarah Ann auren bogi da Joseph Kingsbury don a rufe idon jama'a, shi Kingsbury da kansa ya rubuta haka.

Labarin 'yan gidan Partridge ya fi nuna yadda abin yake. An ɗaura da Emily ranar 4 ga Maris 1843, da Eliza kwana huɗu bayan haka, Emma ba ta sani ba alhali gida ɗaya suke kwana. A Mayu Emma ta sassauta, ta ce za ta yarda in ita za ta zaɓa, sai ta zaɓi waɗannan biyun. Maimakon a gaya mata gaskiya, sai aka sake ɗaura auren a gabanta kamar sabo. Emily ce ta ba da wannan labarin. Ba a yi nisa ba Emma ta janye yardarta, daga baya ta sa suka bar gidan. Ita kanta Emma ba a yi mata ƙullin lahira da mijinta ba sai 28 ga Mayu 1843, bayan an riga an ƙulla masa mata fiye da ashirin.

Barista Lami:
Kuma saboda ita aka rubuta wahayin. Ranar 12 ga Yuli 1843 Hyrum ya ce a rubuta masa ya kai mata, zai shawo kanta. Smith ya yi shifta, Clayton ya rubuta. Hyrum ya je ya dawo ya ce bai taɓa shan faɗa irin na ranar ba. Asalin takardar an ƙona ta, bisa ruwayar 'yan Utah Emma ce sanadi, amma Kingsbury ya riga ya kwafa. Shi ne babi na 132 a kundinsu yanzu, aya 66.

Ku duba sharuɗɗan da ke ciki. Aya ta 61 ta ce wadda za a ƙara ta kasance budurwa, ba ta da alkawari da wani namiji, kuma matar farko ta yarda. Aya ta 63 ta ce manufar ita ce hayayyafa. Sai aya ta 54 ta ce in Emma ba ta bi ba za a hallaka ta, ta 64 da 65 kuma suka ce in an koya wa uwargida ta ƙi, laifin ya koma kanta, miji ya wuce ba da izininta ba. Yardar da in kin hana za a hallaka ki kuma a yi abin duk da haka, sunanta kawai yarda. Sannan matan aure 11 ɗin nan ba su cika sharaɗin aya ta 61 ba.

Malam Nuhu:
To ga tambayar da ni ban ga an amsa ba. In manufar hayayyafa ce, ko in sha'awa ce kamar yadda masu suka ke cewa, ina 'ya'yan? Emma ta haifa masa tara. Su ma matan ba juyoyi ba ne: Emily Partridge ta haifa wa Brigham Young bakwai, Lucy Walker ta haifa wa Heber Kimball tara.

Dakta Asabe:
Wannan gaskiya ne, har yanzu babu ɗa ko ɗaya da aka tabbatar daga matan ɓoyen. Ga yadda aka gwada. Kwayar halittar da ke bin layin maza uba yana ba ɗansa ita kusan ba canji, don haka aka ɗauki ta zuri'ar gidan Smith maza aka kwatanta da ta jikokin yaran da ake zargi. Ugo Perego ne ya jagoranci aikin tun shekarun 2000. Zebulon Jacobs ɗan Zina, Oliver Buell ɗan Presendia, Moroni Pratt, duk gwaji ya nuna ba nasa ba ne. Wannan hanyar ba ta aiki a kan 'ya mace, shi ya sa batun Josephine Lyon ya daɗe. Ita ce uwarta Sylvia ta gaya wa a gadon mutuwa a 1882 cewa 'yar Smith ce. Sai da aka bi ta ƙwayoyin da ake gada daga ɓangarori biyu, aka kwatanta zuri'a da yawa, a 2016 sakamako ya nuna 'yar Windsor Lyon ce, mijin Sylvia.

Amma a yi hattara da abin da gwajin ke nunawa. Yaron da ya mutu yana jariri bai bar zuri'ar da za a gwada ba. Rashin haihuwa kuma ba ya nufin ba a sadu ba. A shari'ar 1892 an tambayi Emily Partridge ƙarƙashin rantsuwa ko sun yi kwanciyar aure, ta ce e. Melissa Lott ma ta tabbatar. Mutumin da ke zagaye da 'yan leƙen asiri, yana ɓuya daga masu sammaci, matarsa na sa ido, haɗuwarsa da kowace mace ba za ta yi yawa ba. Sylvia kuma, tunda har ta yi zaton 'yar tasa ce, wasu masana na ganin maganarta ta nuna wani abu ko da gwajin ya saɓa mata. Hales yana ganin ƙullin lahira take nufi.

Ɗan'azumi:
Wadda aka ce shekararta 14 fa?

Malam Iro:
Helen Mar Kimball, an haife ta a Agustan 1828, an ɗaura a Mayun 1843, shi yana da 37. Ubanta Heber ne ya kawo maganar don yana son gidansa ya haɗu da na annabinsu. A rubutun da ta bar wa 'ya'yanta a 1881 ta ce an ba ta yini guda ta yi tunani, kuma Smith ya yi mata alkawarin cewa wannan matakin zai tabbatar da tsirar gidan ubanta da danginta duka. Ta kuma rubuta baƙin cikinta da aka hana ta zuwa rawa tare da sa'o'inta. Ko an yi zaman aure, masana sun rabu. Hales ya ce ba a yi ba, hujjarsa ita ce tana zaune a Salt Lake a 1892 amma ba a kira ta shaida ba, alhali irin wannan shaidar ake nema ido rufe. Compton ya ce hujjojin ba su yanke ba. Dokar lokacin ba ta hana auren mai 14 ba, amma ba shi aka saba ba, yawancin matan Amurka a lokacin sai sun haura 20 suke aure.

Bulus:
Ni a ganina babbar ɓarnar da ɓoyon ya jawo ita ce ta John C. Bennett. Shi ne ya yi ruwa ya yi tsaki aka samo wa Nauvoo takardar 'yancin gari a ƙarshen 1840, ya zama magajin gari na farko. Sai ya riƙa bin mata yana ce musu manya sun halatta, ba zunubi muddin ba wanda ya ji. Wasu samari suka bi sahunsa. To mace a garin nan ta yaya za ta bambance na gaske da na ƙarya, tunda dukkansu da "kada ki faɗa wa kowa" suke zuwa? Da aka kore shi a 1842 sai ya zazzage abin da ya sani, gaskiya da ƙari, a jaridar Sangamo Journal, ya kuma buga littafi. Martanin coci shi ne sanarwar 1 ga Oktoba 1842 a jaridarsu Times and Seasons cewa ba su san wani tsarin aure ba sai na mace ɗaya. Cikin masu sa hannu akwai Newel Whitney, da ya ɗaura wa 'yarsa wata biyu kafin nan, da Eliza R. Snow, da aka ƙulla wa Smith a Yunin shekarar. Ita ce kuma sakatariyar ƙungiyar matan da Emma ke shugabanta, ƙungiyar da ke farautar masu lalata a gari.

Ɗan'azumi:
Akwai masu cewa a intanet duk ƙirƙirar Brigham Young ce, Smith bai taɓa yi ba. Ai ya musanta da bakinsa, ko?

Barista Lami:
Ya musanta. A Fabrairun 1844 shi da Hyrum sun sa hannu a korar wani Hiram Brown saboda wa'azin auren mata da yawa a Michigan. Ranar 26 ga Mayu 1844 ya tsaya a gaban jama'a ya ce ana zarginsa da mata bakwai alhali ɗaya kawai yake gani. Emma ma a 1879, dab da rasuwarta, ta gaya wa ɗanta Joseph Smith III cewa ba ta da kishiya. A kan wannan cocin da ɗan ya jagoranta tun 1860 ya tsaya shekaru masu yawa.

Abin da ke rusa wannan ra'ayin shi ne shaidar da ta fito yana raye, daga mutanen da ba sa ga maciji da Young. William Law mataimakinsa ne a shugabancin coci. A jaridar Nauvoo Expositor ta 7 ga Yuni 1844, shi da matarsa Jane sun rantse sun karanta wahayin, Austin Cowles kuma ya rantse ya ji Hyrum ya karanta shi a majalisar coci a 1843, kuma abin da suka bayyana ya dace da rubutun da aka fitar a Utah a 1852. Young ba zai koma baya ya rubuta jaridar maƙiyansa ba.

Malam Iro:
Jaridar nan ce ma ajalinsa. Fitowa ɗaya ta yi. Ranar 10 ga Yuni majalisar gari, Smith na kujerar magajin gari, ta ayyana ta abin cutar da jama'a, aka farfasa injin aka ƙona takardun a titi. Maƙwabta da dama suna jin haushin rundunar Nauvoo, da yadda Mormon ke jefa ƙuri'a a dunƙule, da kotun garin da ke sakin sa duk lokacin da aka zo da sammaci. Da ya kafa dokar soja a garin ranar 18, sai aka samu tuhumar cin amanar jiha, wadda ba a ba da beli cikin sauƙi. Ya miƙa kansa a Carthage bisa alkawarin kariya daga Gwamna Thomas Ford. Ranar 27 ga Yuni da yamma gungun mutane da suka shafe fuska da baƙi suka afka wa kurkukun suka harbe shi da Hyrum. Yana da shekara 38, yana kuma takarar shugabancin Amurka. Mutum biyar da aka gurfanar a 1845 duk an sallame su.

A lokacin, bisa ƙiyasin cocin, maza kusan 29 da mata 50 ne suka shiga tsarin ban da shi da matansa, a garin da ya haura mutum 10,000. Yawancin waɗanda suka yi masa kuka ba su san komai ba.

Hajiya Turai:
Su waɗannan samarin masu farar riga da ake gani a kudu da Gana, har yanzu suna yi?

Bulus:
A'a, Hajiya. An shelanta shi a fili a Utah ranar 29 ga Agusta 1852 ta bakin Orson Pratt, mijin Sarah Pratt ɗin da Barista ta ambata, wanda rikicin 1842 ya taɓa fitar da shi daga coci na wasu watanni. Daga nan gwamnatin tarayya ta matsa: dokar 1862, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Reynolds a 1879, dokar 1882, sai ta 1887 da ta ba da damar ƙwace kadarorin coci. Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, Utah ta zama jiha a 1896, amma an ci gaba da ɗaurawa a ɓoye har sai da aka sake sanarwa a 1904 tare da barazanar kora. Masu yi yanzu ƙungiyoyi ne da suka ɓalle, irin ta Warren Jeffs da aka yi wa ɗaurin rai da rai a Texas a 2011.

Babban cocin, mai haikali a Accra tun 2004 da Aba tun 2005, ba ya yi wa mai mata biyu baftisma, ko da a ƙasar da doka ta halatta masa.

Malam Nuhu:
Sai dai babi na 132 yana nan a littafinsu ba a cire ba. Kuma namijin da matarsa ta rasu ana iya ƙulla masa ta biyu har lahira ba tare da an warware ta farkon ba. Russell Nelson, da ya hau shugabancin cocin a 2018, haka nasa ya kasance: matarsa ta farko ta rasu a 2005, ya sake aure a 2006. Macen da mijinta ya rasu kuwa, muddin tana raye ba a ƙulla ta ga na biyu sai an soke ƙullin farko.